Gidajen Shugabannin Amurka da Ɗakin Iya Alheri

Tun ranar da na dawo Guangzhou ban huta da tambaya ba. A lif ɗin benen Tianxiu, a ƙofar masallaci ranar Juma'a, a wurin mai tuwon unguwar Xiaobei, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Alhaji Kabiru, yaya Amurkan take?" In na ce lafiya lau, sai a ce ina rowar labari. Alhaji Mudi, maƙwabcin ofishina mai tura kayan waya, har cewa ya yi na dawo jiki a sanyaye kamar wanda kwantenarsa ta faɗa teku. To ga labarin, zan faɗe shi sau ɗaya yadda ya faru. In kun ji na daɗe a kan tsofaffin gidaje maimakon dogayen benaye, ku yi haƙuri, abin da aka kai ni na gani ke nan.

Ba buɗe ido ya kai ni ba, takarda na kai. Muna da gidan gado a cikin birnin Kano, ginin ƙasa, mai zaure uku, wanda kakanmu bafataken goro ya gina, daga baya ya faɗo a rabon mahaifinmu. Yanzu ba kowa a ciki sai Goggo Rabi, ƙanwar mahaifinmu, da ta dawo bayan rasuwar mijinta. Titi ya biyo ta ƙofar gidan, kasuwa ta cinye unguwar. Mu 'ya'ya muka zauna muka yarda a rushe a yi shaguna, Goggo ta koma gidan ɗayanmu. Ni na kawo shawarar, tunda sana'ata tura tayil da kayan banɗaki ce, har zanen ginin ni na sa aka yi. Kowa ya sa hannu sai babban yayanmu, Yaya Nasiru, wanda ya haura shekara talatin a Amurka. Duk sanda aka kira shi sai ya ce, "Za mu yi magana." Da za-mu-yi-maganar ta shekara biyu, aka ce in je in same shi ido da ido.

Daga filin jirgin Baiyun na tashi, muka ya da zango a Koriya, sannan muka kama doguwar. Ban taɓa zama a jirgi har na manta yadda ake tsayuwa ba sai ranar. Rana ta ƙi faɗuwa, na rasa wace sallah ce a kaina, na dai yi ta yi a zaune ina roƙon Allah ya karɓa. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar China, za ta je rainon jika. Da ta ji na gaishe ta da yarensu sai ta ɗauke ni ɗa. Lawban kaza, lawban kaza, wato maigida a yarensu, tana ɓare dafaffen ƙwai tana tura mini. Da muka kusa sauka ta miƙo mini takardar da ake cikewa, ta ce ba ta karanta Turanci. Ni Bakano na zauna ina cike wa Basiniya takardar shiga Amurka.

A wurin duba fasfo jami'in ya juya nawa ya sake juyawa. Ɗan Najeriya, daga China, zai je wurin wansa. Ya tambaye ni me nake sayarwa, na ce masa tayil da kan famfo. Ya ce ko na zo da abinci. Bakina ya riga hankalina, na ce da yaren China, "Meyo." Ya ɗago ya dube ni. Na gyara na ce babu, don ni a raina kilishin da wani ɗan'uwa ya kawo daga Kano don Yaya ba abinci ba ne, tsaraba ce. Ban yi taku ashirin da jakata ba wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabanta kamar an ba shi gadi. Aka buɗe, aka zaro kilishin. Na yi bayani, suka saurare ni cikin mutunci, suka ja mini kunne, suka jefa shi a shara ina kallo. Yajin dai sun bar mini. Da zan wuce na ce wa matar da ta yar da kilishin, "Shiye-shiye," wato na gode da yaren China.

Na kusa wuce Yaya Nasiru a wurin tarba. Wanda na sani dogo ne mai saurin tafiya. Wanda na gani furfura ta gama da kansa, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya riƙe ni ya daɗe bai sake ni ba, sannan ya ce, "Kai ma ka yi tumbi, Kabiru. Shinkafar China ta karɓe ka." Aikinsa tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti, gidansa kuwa a jihar Bajiniya yake, ba nisa da babban birninsu.

Matarsa, Anti Maryam, baƙar fata ce 'yar asalin jihar, Musulma tun daga iyayenta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Hausarta ba ta wuce "sannu da zuwa" da "ka ci abinci" ba, amma waɗannan biyun tana faɗarsu da gaske. Ta ajiye mini wake, da dafaffen ganye mai kama da rama, da burodin masara. Na ɗebi waken na ce, "Anti, wannan ai namu ne." Ta ce, "Naku ne mana. A jirgi ɗaya ya zo da kakannina."

Abin da ya fara damuna shirun wurin. Mu da muka saba da Xiaobei, inda mai babur da mai turin kaya da mai ihu a waya duk ke kan hanya ɗaya, in ka fito ƙofar gidan Yaya ba ka ganin kowa sai motoci a jere. Maƙwabcinsa ya ɗaga mini hannu daga nesa da murmushi, na nufe shi don mu gaisa sosai, kafin in ƙarasa ya shige ya rufe ƙofa. Yaya ya yi dariya ya ce, "Ai kun gama gaisawa."

Kwana biyu da zuwana na fito da takardar bayan karin kumallo. Ya karɓa, ya ɗora a kan firij, ya ce, "Baƙo ba ya fara da abin da ya kawo shi. Na ɗauki hutun kwana huɗu. Ka bari ka ga gari."

Inda ya fara kai ni gidan shugaban ƙasarsu na farko ne, a kan wani tudu a bakin kogin Potomac. Mutumin ya mutu fiye da shekara ɗari biyu, amma gadon da ya cika a kai yana nan, da kujerarsa, da madubinsa. Har haƙoran da aka haɗa masa bayan nasa sun zube suna cikin gilashi, mutane na layi suna ɗaukar hoto. Na ce wa Yaya, "Mu kayan mamaci kafin arba'in an rabar. Waɗannan ko haƙori ba su bari ya huta ba."

Daga nesa gidan kamar na farin dutse. Da na matsa sai idona na mai tayil ya ƙi yarda. Na ɗan ƙwanƙwasa bangon da ɗan yatsa, na ji katako. Wani dattijo mai yi wa baƙi bayani ya ce gaskiyata, katako ne aka sassaƙa, aka shafa fenti, aka watsa yashi tun fentin na ɗanye. Na yi dariya har sai da mutane suka waiwayo. Na ce, "Yaya, ashe ba 'yan kasuwar Liwan ta Guangzhou suka fara jabu ba." A ɗakin da aka ajiye kayan cin abincinsa kuma na ga farantai masu zanen shuɗi, dattijon ya ce daga Canton aka kawo su a jirgin ruwa. Na ce masa Canton ɗin nan ai Guangzhou ce, daga can na taso. Ya kira abokin aikinsa ya nuna ni kamar ni na kawo odar. Na tsaya ina tunanin wani ɗan kasuwa irina, a bakin kogin nan namu na Guangzhou, yana ciniki da lawban na zamaninsa, yana fargabar kar kaya su fashe a hanya.

Har zuwa nan raha nake yi. Sai Anti Maryam, da ta raka mu, ta ce akwai inda take so mu je. Muka bi wata 'yar hanya ta bayan kabarin mai gidan, muka shiga cikin itatuwa. Nan ne maƙabartar bayinsa. Ba suna ko ɗaya a kan kabari. Masu bincike ne suka gano inda ramukan suke suka yi musu alama, wasu dogaye, wasu ƙanana ƙwarai. Anti ta ɗaga hannu ta yi addu'a, muka shafa tare.

Ta ce mini ta yi shekaru tana neman asalinta. Ta bi takardu har ta kai kan wata mata mai suna ɗaya tal, a cikin lissafin gadon wani mai gona, an rubuta ta tsakanin dawakai da tukwane. Daga nan hanya ta ƙare. Sai ta juyo ta ce, "Kabiru, a gidanku na Kano, lokacin kakanku, wa ke ɗebo ruwa, wa ke daka?"

Na ce, "Akwai barori."

Ta ce, "Barori, ko bayi?"

Na ce, "Anti, namu ba irin wannan ba ne. Namu 'yan gida ne, tukunya ɗaya ake ci."

Ba ta yi mini musu ba. Mijinta ta kalla. Shi kuwa ya juya yana kallon kogi.

Washegari muka kama hanyar kudu, mu uku. Titi shimfiɗe, ba mai talla, ba shinge, sai itatuwa da ganyensu ya yi ja da rawaya don lokacin sanyi ya gabato. Muka sauka a wani ƙaramin otal na bakin hanya, na wani Ba'indiye mai fara'a wanda ya nuna mana alƙibla tun kafin mu tambaya. Da safe na sha kunya sau biyu. A wurin karin kumallo akwai wani ƙarfe da ake zuba ƙullu a ciki a rufe ya gasa wani abu mai kama da waina. Na cika shi har baki kamar tanda, na rufe, ƙullun ya tsiyayo ta ko'ina har kan takalmin wani Bature. Sannan na roƙi matar da ke kula da wurin ta ba ni ruwa, don China ta koya mini shan ruwan zafi da safe. Ta kawo mini kofi cike da ƙanƙara. Na ce mai zafi nake so. Ta tambaye ni cikin tausayi ko ba ni da lafiya ne.

Gida na biyu na shugabansu na uku ne, a kan tsauni. Shi ne ya rubuta takardar da suka ɓalle daga Ingila da ita, wadda ta ce an halicci mutane duka daidai. Mutum ne mai son dabara. Akwai babban agogo a zaurensa da ke buga ƙararrawar tagulla irin ta China, wadda aka ce har a gona ana jin ta. A gefen murhun ɗakin cin abinci akwai wata 'yar ƙofa, in an buɗe sai kwalabe su hau daga ƙasa da igiya, baƙi su sha ba tare da sun ga wanda ya ɗora ba. Da farko na yaba. Daga baya na gane dabarar ta ɓoye mutum ce. Wannan mai cewa kowa daidai yake, ɗaruruwan bayi ya mallaka.

Mai yi mana bayani, wata farar mata mai gilashi, ta sauko da mu ƙasan gidan, inda madafa da ɗakunan aiki suke. Ta tsaya a ƙofar wani ɗan ɗaki marar taga. Ta ce ana kyautata zaton a nan wata baiwarsa ta zauna, wadda ta haifa masa 'ya'ya. Ta ce an daɗe ana musun maganar, ana cewa ƙage ne, jikokin matar kuwa suna ta faɗa ba mai saurarensu. Ko hotonta babu. Sannan ta ƙara da cewa a wani zamani, da masu ziyara suka yi yawa, an taɓa mayar da ɗakin banɗakin maza, sai daga baya aka fasa aka dawo da shi.

Na waiwaya ban ga Yaya ba. Can waje na same shi a kan benci, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na ce ko ƙafar ce. Ya ce, "Ƙafar ce." Anti ta zauna kusa da shi, ta yi masa magana ƙasa-ƙasa, abin da kawai na tsinta shi ne, "Har yaushe, Nasir?"

Daga nan muka ƙara gaba cikin duwatsu zuwa wani wuri da suke kira gadar da ba mutum ya gina ba. Sai an sauka matakala da yawa, a bi gefen wani ɗan rafi, a sha kwana, sannan a gan ta. Dutse ne guda, an huda shi ta tsakiya kamar ƙofar gari, tsayinsa ya fi benaye da yawa da na sani, ruwa na wucewa ta ƙasa, itatuwa sun tsiro a sama. Ba abin da ya fito daga bakina sai subhanallah. Yaya ya nuna mini wasu haruffa biyu a jikin dutsen, ya ce ana cewa shugaban farkon ne ya sassaƙa yana saurayi, amma ba wanda ya tabbatar. Ya ce shugaban na uku kuma sayen wurin ya yi daga sarkin Ingila, alhali akwai mutanen ƙasar na asali da suke girmama shi tun kafin zuwan Turawa. Na ce, "Wato wanda bai taɓa ganinsa ba ya sayar wa wanda bai gina shi ba." Bai yi dariya ba.

Anti ta ce za ta ƙarasa wurin da ruwa ke zubowa, ta bar mu. Muka yi azahar a kan ciyawa, muka zauna a benci muna fuskantar dutsen.

Ya ce, "Kabiru, ka tuna Iya Alheri?"

Na tuna ta mana. Wata gajeriyar tsohuwa ce da ke zaune a ɗakin ƙarshe na gidanmu, kusa da rijiya. Tsagar fuskarta ba irin ta Kano ba ce, kuma akwai ɗan rami a leɓenta na sama. Kullum tana kaɗi, tana waƙa da wani yare da ba wanda ke ji. Takan ɓoye mana ƙanzo da gyaɗa a cikin ƙwarya. Mu kuwa yara muna kwaikwayon Hausarta muna gudu. Ina da shekara tara ta rasu.

Ya ce, "Na duba zanen da ka turo. Ka san abin da ka sa a wurin ɗakinta?"

Na sani mana. Banɗakunan 'yan kasuwa ne a wannan kusurwar, guda huɗu a jere. Ni na ce a kai su can saboda kusa da ruwa.

Na ce, "Yaya, Allah ya ji ƙan Iya, amma ba za a bar gida ya zube a kan Goggo saboda ɗakin wata baiwar kaka ba."

Ya ce, "Ita ta haifi Baba."

Na ji kamar bai yi Hausa ba. Na ce, "Hajiya Babba fa, uwargidan kaka? Ba ita ce uwarsa ba?"

Ya ce, "Hajiya Babba riƙonsa ta yi. Tun daga yaye aka ba ta shi, don a lokacin ba ta da ɗa namiji. Iya sa-ɗaka ce. Kaka ya samo ta tana yarinya, daga wajen duwatsun kudu. A shari'a ba abin kunya ba ne, ɗanta ɗa ne kamar kowa, malamai sun sani. Amma bakin unguwa ba shari'a ba ne. Baba ya taɓa neman aure aka hana shi, aka ce a je a binciki asali. Tun daga nan bai ƙara bari maganar ta fito ba. Tsofaffin da suka sani suka mutu da ita."

Na ce, "Kai wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Shi da kansa, a asibiti, kwana biyu kafin ya cika. Kana makarantar kwana. Ya kama hannuna ya ce, Nasiru, ku riƙa sa Iya a addu'a, ita ce uwata, ban taɓa kiranta da shi a gaban mutane ba. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babba ya yi ba."

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Ranar da Iya ta rasu Baba da kansa ya shiga kabarin. Kwana bakwai bai je kasuwa ba. Kullum in ya dawo da yamma, kafin ya shiga turakarsa, sai ya bi ta bakin rijiya ya tsuguna a ƙofarta ya ajiye goro. Ina gani, ban taɓa tambayar kaina dalilin da mai gida zai tsuguna wa baiwa ba.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Abin da ya fara zuwa raina ba Iya ba ce. 'Yata Zainab ce, wadda ake maganar aurenta da ɗan wani gida da suke ji da asalinsu. Na ce a raina, in wannan ta fita fa? Sai da tunanin ya gama wucewa na gane abin da na yi. A cikin minti ɗaya na sake yi mata abin da aka yi mata shekara da shekaru.

Na huce a kansa. Na ce, "Shekara talatin kana riƙe da wannan, ka bar mu muna zana banɗaki a ɗakin kakarmu?"

Ya ce, "Da farko na ce sai ƙannenmu mata sun yi aure. Da suka yi, na ce sai 'ya'yansu. Daga baya na saba da shirun. Maryam ce ta hana ni sakat. Ta ce ita tana yawo ɗakunan ajiyar takardu tana neman suna ɗaya, ni ina da suna, ina da ɗaki, ina da kabari, na rufe. A waya na kasa faɗa muku. Shi ya sa na yi ta ja har aka turo ka."

Wasu Turawa suka zo suka roƙe ni in ɗauke su hoto a ƙarƙashin dutsen, na tashi na ɗauke su, na ce su yi murmushi, na dawo na zauna. Da Anti ta dawo ta dubi fuskokinmu. Ta miƙa mini gorar ruwa ta ce da Hausarta, "Sannu."

Ranar da zan taho, Yaya ya sauko da takardar daga kan firij, ya shimfiɗa a tebur, ya cire murfin biro. Ya ce, "Ban ce kar a yi shaguna ba. Gidan ƙasa ba ya tsayawa har abada, kuma ba ni ke zaune a ciki ba. In har yanzu kana so, zan sa hannu. Na dai ƙi a rushe ba ku san abin da kuke rushewa ba." Na ɗauke takardar na ninke na sa a aljihu. Na ce masa ba yau ba.

Da na dawo na tura wa 'yan'uwa saƙon murya mai tsawo. Ba kowa ya ji daɗi ba. Ɗaya daga cikin ƙannena ya ce Amurka ta juya mana kai ni da Yaya, har yau ba ya ɗaga wayata. Wata yayarmu ta kira tana kuka, ta ce ita ce ta fi kowa kwaikwayon maganar Iya. Wata kuma ta ce in rufa musu asiri, tana da surukai. Zainab da na gaya mata, cewa ta yi, "Abba, ni zan faɗa masa da bakina. In ya fasa don wannan, gara yanzu." Maganar shaguna tana nan a rataye, ban san inda za ta faɗi ba. Abin da na iya yi kawai, na sa an je an dafe rufin ɗakin nan na bakin rijiya kafin damina.

Wadda na fi jin nauyin kira Goggo Rabi ce, don ita 'yar Hajiya Babba ce ta cikinta. Na yi kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ranar Asabar bayan la'asar na rufe ƙofar ofis, na kira ta, a can safiya ce. Muka gaisa, ta tambayi Nasiru da matarsa, ta tambayi ko ana samun man zafi mai kyau a China don gwiwarta.

Na ce, "Goggo, tambaya zan yi, in na yi laifi ki yafe mini. Iya Alheri, mene ne sunanta na gaskiya?"

Na ƙara manna wayar a kunne. Ina jin kukan kaji a tsakar gidan.

Ta ce, "Nasiru ya faɗa maka ke nan."

Na ce, "Ya faɗa, Goggo."

Ta ce, "Alheri a gidan nan aka sa mata. Nata na can ta faɗa mini sau ɗaya, tana jinyar ƙarshe, ina shafa mata mai a ƙafa. Ta faɗi sunan uwarta, ta faɗi sunan garinsu, ta ce akwai dutse a bayansa da rafi a gaba. Ta ce in riƙe mata, ko wata rana wani zai tambaya. Ubanku bai tambaya ba, kunya ta hana shi. Ku kuma ba ku sani ba."

Na jawo takarda da biro, na ce, "Faɗa mini, Goggo, ina rubutawa."

Ta ce, "A'a. Ba a waya ba. Wannan ba saƙon kaya ba ne. Ka zo gida, ka shiga ɗakinta ka zauna a ƙasa, in faɗa maka a can. Kuma kar ka daɗe, Kabiru. Ni kaɗai na rage da shi, ga shi na fara mantuwa."